Abin da Ya Raba Dingo da Karen Unguwarmu

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a nan Kumasi, idan aka nuna masa hoton dingo ba tare da an gaya masa ko mene ne ba, zai ce ai wannan karen unguwa ne, irin waɗanda ke kwanciya a ƙarƙashin teburan masu abinci da rana, su fita yawo idan sawu ya ɗauke. Launin jikin kusan ɗaya ne, ja-ja mai kama da ƙasa, ga kunnuwa a tsaye, ga dogon baki, ga ciki a ɗame, kuma sau da yawa akwai ɗan fari a ƙafafu da bakin wutsiya. Ko a girma ma ba su yi nisa da juna ba, domin babban dingo yakan yi nauyin kilo 13 zuwa 20 ne. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Na daɗe ina bibiyar abin da masana dabbobi suka gano game da wannan dabba, kuma abin da ya fi riƙe hankalina shi ne yadda sanin halinta yake buɗe wa mutum ido a kan karen da ke kwance a ƙofar gidansa, wanda da yawa daga cikinmu muke wucewa kullum ba mu taɓa tsayawa mun yi tunani a kansa ba.

Dingo shi ne karen daji na Ostireliya, kuma a cikin dabbobin da ke farauta a tudu a wannan nahiya babu wanda ya kai shi girma. Galibin dabbobin can na asali masu renon 'ya'ya ne a jakar ciki, irin su kangaru, shi kuwa baƙo ne da ya iso daga baya. Ƙasusuwansa mafi tsufa da aka tono, a wani kogo da ake kira Madura a kudancin ƙasar, sun haura shekara 3,000, kuma masana da dama suna ganin ya shigo ne kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Tunda teku ce ta kewaye Ostireliya ta kowane ɓangare, kuma babu karen da zai iya ƙetare ta da iyo, to lalle mutane ne suka ɗauko kakanninsa a jiragen ruwa daga wajen tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Akwai wata shaida a kan cewa zuwansa bai daɗe ƙwarai ba, wato rashinsa a tsibirin Tasmaniya, wanda ruwa ya raba da babban yankin tun kimanin shekara 12,000 da suka shuɗe. A can ne wata dabba mai farauta mai zane-zane a gadon baya, wadda ake kira damisar Tasmaniya, ta ci gaba da rayuwa har 1936, alhali a babban yankin ta ɓace tun wajen shekara 3,000 da suka wuce, kuma wasu masana suna ɗora wa dingo wani kaso na alhakin ɓacewar tata.

Ke nan kakannin dingo sun taɓa zama da mutum, aƙalla gwargwadon da zai sa a shigar da su jirgi a yi doguwar tafiya da su. Bayan sun sauka sai suka koma daji, suka yi dubban shekaru babu mai zuba musu abinci, babu mai zaɓa musu abokin barbara, wanda ya iya farauta ya rayu ya bar baya, wanda ya kasa ya mutu. Karen gida kuwa bai taɓa barin inuwar ɗan Adam ba. A Bonn-Oberkassel ta ƙasar Jamus an tono wani kabari mai shekara kusan 14,000 inda aka binne kare tare da mutane biyu, kuma tun daga wancan zamani har yau mutum ne yake yanke hukuncin wane kare zai ci, wane zai haihu, wane za a kora. Har yanzu masana ba su daidaita a kan matsayin dingo ba, wasu suna ɗaukarsa jinsi mai zaman kansa, wasu suna cewa reshe ne na kyarkeci, wasu kuma suna cewa tsohon kare ne kawai da ya koma daji. Wani bincike da aka buga a 2022, bayan an karance ƙwayoyin gadon wata macen dingo da aka tsinta tana ƙarama a hamada, ya nuna cewa dingo reshe ne da ya rabu da wuri, yana tsakanin kyarkeci da karnukan gida na yau.

Bambancin da ya fi ba ni mamaki yana cikin ciki ne, wato a abin da kowannensu yake iya narkarwa. A layinmu akwai wata hajiya mai sayar da shinkafa da wake, kuma idan ta tashi bayan sallar isha'i, 'yan aikinta sukan kankare ƙanzon tukwane su juye a wani tsohon kwano a gefen kwata. Kafin su gama wanke-wanke karnukan layin sun hallara, kowa ya san mazauninsa, babba ya fara sa baki, ƙananan suna gefe suna jira suna kaɗa wutsiya. Abin da ke cikin kwanon nan ƙanzo ne, da ragowar dokunu da wani ya kasa cinyewa, da gutsuren rogo, wani lokaci da tuwon zafi da ya kwana. Nama sai dai ƙashin da aka riga aka tsotse. A kan wannan abinci suke rayuwa shekara da shekaru, suna gudu, suna faɗa, suna haihuwa, alhali kakansu na farko dabba ce da ba ta san komai ba sai nama.

A 2013 wasu masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Erik Axelsson, suka bayyana dalilin haka. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira AMY2B, wadda aikinta shi ne samar da sinadarin da ke narkar da sitaci a hanji. Kyarkeci yana da kwafi biyu kacal na wannan ƙwaya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, amma a karnukan gida da suka duba sun sami daga kwafi 4 har zuwa 30. Ma'anar haka ita ce, tun lokacin da ɗan Adam ya rungumi noma ya koma cin hatsi da saiwoyi, karen da cikinsa ya fi karɓar ragowar abincin gida shi ne ya fi rayuwa ya fi yaɗuwa, har abin ya zauna a jininsu. Da aka duba dingo sai aka tarar yana nan a kan kwafi biyu kamar kyarkeci. Kakanninsa sun rabu da sauran karnuka kafin wannan sauyi ya kama su, kuma ƙasar da suka sauka mutanenta ba su dogara da noman hatsi irin namu ba. Saboda haka abincinsa kangaru ne da danginsa ƙanana, da zomaye, da ɓeraye, da tsuntsaye, da ƙadangaru, ya kuma ci mushe idan ya samu. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa karen da ke yawo a zango, ko da ba a san mai shi ba, gonakinmu da tukwanenmu ne suka gina jikinsa.

Sai maganar haihuwa, wadda ita ma ta raba su ƙwarai. Karya ta gida takan shiga lokacin barbara sau biyu a shekara, kuma ba ruwanta da damina ko rani, domin abincin da take samu a wurin mutane ba ya bin yanayi. Macen dingo sau ɗaya take yi a shekara, tsakanin Maris da Yuni, ta ɗauki ciki na kimanin kwana 63 kamar kowace karya, ta haihu a watannin sanyin ƙasar, galibi 'ya'ya huɗu zuwa shida, a cikin rami ko kogon dutse ko kututturen itace. Abin lura a nan shi ne, a nahiyarmu ma akwai wani tsohon nau'in kare na yankin Kwango da ake kira basenji, wanda shi ma sau ɗaya yake haihuwa a shekara kuma ba ya haushi irin na sauran karnuka, abin da ke nuna cewa haihuwa sau biyu ɗabi'a ce da ta zo daga baya.

Amma ba a yawan haihuwar kaɗai abin ya tsaya ba, har da yadda ake renon 'ya'yan. Inda dingo suke zaune cikin kwanciyar hankali, sukan zama iyali guda, uwa da uba da 'ya'yansu na shekarun baya, suna riƙe da yanki ɗaya da suke karewa daga wasu. Uwa da uban nan ne kaɗai suke barin zuriya, kuma idan wata ƙaramar mace a cikin iyalin ta haihu, babbar takan kashe 'ya'yan, sannan ita ƙaramar ta taya renon na babbar. Wannan abu ne mai zafi a ji, sai dai da shi ne yawansu yake daidaita da abin da dajin zai iya ciyarwa. Uba yana farauta ya kawo wa mai jego, yayye suna gadin rami, kuma idan ƙanana suka fara cin nama, manya sukan haɗiye shi a wurin farauta su dawo su amayo musu. Duk wanda ya taɓa ganin karya ta haihu a ƙarƙashin wani shago a kasuwar Asawase ya san cewa namu ba haka yake ba. Ita kaɗai ce, haƙarƙarinta a waje, nonuwa sun zazzago, tana fita neman abinci ta bar su suna tsuwa da idanu a rufe, uban kuwa ba a ma san wane ne ba, shi ma bai san da su ba. Karen gida ya saki aikin uba tun da daɗewa, saboda gidan mutum da jujinsa sun ɗauke masa wannan nauyi. Idan babu wanda ya ɗauki ƙwiyakwiyan nan, mafi yawansu ba sa kai wata uku.

Haushi ma na karen gida ne. Dingo yana iya yinsa, amma kaɗan, gajere, sau ɗaya ko biyu don gargaɗi, sai ya yi shiru. Muryarsa ta ainihi doguwar kuka ce da ke tafiya nesa a cikin daji, wadda da ita 'yan iyali suke kiran juna, suke kuma sanar da baƙi cewa wurin yana da masu shi. Dabbar da ke zaune a daji ba ta da ribar tsayawa wuri ɗaya tana ihu, domin hakan zai kori abin farauta ya kuma tona maɓoyarta. Mutum ne yake da ribar haushi. Wanda ya ajiye kare a Sawaba ko Tafo don tsoron ɓarayi, ko makiyayin da ke kwana da shanu a dajin Ejura, muryar nan yake bukata kafin haƙori, kuma tun zamanin da can ake fifita karen da ke tashin gida idan baƙo ya doso.

A jiki kuwa, idan aka ajiye ƙoƙon kan dingo kusa da na karen gida mai girmansa, za a ga bakinsa ya fi tsawo, fiƙoƙinsa sun fi tsayi, turamen yankan nama sun fi girma, haka ma ƙashin da ke rufe cikin kunne. Gaɓoɓinsa suna da laushi ƙwarai, wuyan hannunsa yana juyawa, yana iya waiwayawa da kansa kusan har baya, yana hawa dutse da katanga cikin sauƙi, kuma kansa ne mafi faɗi a jikinsa, ta yadda duk ramin da kan ya shiga sauran jiki zai bi.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne a hankali da ɗabi'a. A birnin Budapest na ƙasar Hungari, Ádám Miklósi da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka buga a 2003. Sun koya wa karnuka da kyarketai da aka rena a hannu yadda za su buɗe wani akwati su ɗauki nama, sannan suka kulle akwatin yadda ba zai buɗu ba. Kyarketan suka ci gaba da kokawa da shi, karnukan kuwa bayan ɗan ƙoƙari sai suka juyo suka dubi fuskar mutumin da ke tsaye, kamar mai neman agaji. Wannan waiwaye shi ne karen gida. Da aka gwada dingo a wasu bincike na baya, sai aka ga yana haɗa ido da mutum fiye da kyarkeci, amma ba ya daɗewa yana kallon kamar kare. A wani gwajin kuma da Bradley Smith ya yi a Ostireliya, an sa abinci a bayan shingen waya mai kusurwa, yadda sai dabba ta juya wa abincin baya ta zagaya kafin ta kai gare shi. Karnukan gida da yawa sukan tsaya a gaban wayar suna tono suna haushi, dingo kuwa nan da nan yake gane hanya ya zagaya. Wato shi ya fi iya warware matsala da kansa, karen gida kuma ya fi iya karanta mutum.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun kama wannan ma'ana tun da daɗewa, a bayanin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, inda aka halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Da suka zo fayyace wane ne horarren kare, sai suka ce shi ne wanda idan aka tura shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Akwai wani dattijo a masallacin unguwarmu wanda ya yi farauta da karnuka a ƙuruciyarsa a arewa, wajen Bawku. Wata rana na tambaye shi, na ce, "Baba, da me kuke gane karen farauta na ƙwarai?" Ya ce, "Ɗana, kowane kare yana gudu. Na ƙwarai shi ne wanda zai kama zomo da yunwa a cikinsa, ya riƙe shi a baki bai ci ba har ka iso." Wannan haƙuri, na dabba ta danne yunwarta saboda umarnin wani, shi ne abin da ba a samu a wurin dingo yadda za a dogara da shi. Yana iya sabawa da mutum guda, ya so shi, ya bi shi, amma idan kangaru ya gilma ko lokacin barbara ya zo, kiran mai shi ba ya dawo da shi.

'Yan asalin Ostireliya sun san haka sarai, kuma sun zauna da shi a kan wannan sani na tsawon dubban shekaru. Sukan ɗauko ƙanana daga rami su rene su a sansani, mata su kula da su, yara su yi wasa da su, a kwana tare da su don ɗumi a daren sanyi, su kuma riƙa faɗakar da mutane idan wani abu ya doso. An ma tono kaburbura inda aka binne dingo da irin girmamawar da ake yi wa mutum, kuma yana da babban matsayi a labaransu na gargajiya. Duk da haka, idan ya balaga galibi yakan koma daji ya nemi iyalinsa, su kuma ba sa ɗaure shi, sai su sake ɗauko wasu ƙanana a wata shekarar. Tunda galibi ba a hannunsu yake haihuwa ba, ba su sarrafa zuriyarsa ba, shi ya sa bai zama dabbar gida ba duk da tsawon zaman. A yau jihohin ƙasar sun sha bamban a kan ajiye shi a gida, New South Wales ta yarda, Queensland da Tasmaniya sun hana, kuma waɗanda suka ajiye shi suna bukatar katanga mai tsayi ƙwarai wadda ba ta tonuwa ta ƙasa.

Haɗarin dingo ga mutum yakan taso ne idan aka ɗauke shi kamar karen gida. A ɗabi'arsa yana gudun mutane, amma inda masu yawon buɗe ido suke jefa masa abinci don su ɗauki hoto, tsoron yakan fita daga zuciyarsa, alhali biyayyar karen gida ba ta shiga ba. A tsibirin K'gari, wanda a da ake kira Fraser, dingo sun kashe wani yaro ɗan shekara tara a 2001, kuma yanzu akwai tara mai nauyi a kan duk wanda aka kama yana ciyar da su, ana kuma gargaɗin iyaye kada yaro ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Kafin wannan akwai abin da ya faru a watan Agusta na 1980 kusa da dutsen Uluru, inda jaririya 'yar mako tara, Azaria Chamberlain, ta ɓace daga tanti. Mahaifiyarta Lindy ta ce dingo ne ya ɗauke ta, mutane da yawa suka ƙi yarda cewa dabba mai kama da karen gida za ta aikata haka, aka yanke mata ɗaurin rai da rai a 1982. An sake ta a 1986 bayan an tsinci rigar jaririyar kusa da ramin dingo, aka soke hukuncin a 1988, amma sai a 2012 hukuma ta tabbatar a rubuce cewa dingo ne ya kashe yarinyar. Duk lokacin da na tuna wannan uwa sai jikina ya yi sanyi, domin ta rasa 'yarta, ta kuma rasa 'yancinta da mutuncinta, saboda mutane sun yi wa dabba hukunci da kamanninta.

Babban rikicin dingo dai da masu tumaki ne. Turawan Ingila sun sauka a 1788 da dabbobinsu, kuma tunkiya dabba ce da ba ta iya kare kanta, tana firgita ta yi ta gudu a cikin fili, gudun kuma yana ƙara tunzura mai farauta, har dingo ɗaya ya raunata tumaki da yawa a dare guda fiye da abin da zai ci. Duk wanda ya taɓa kiwon rago don layya ya wayi gari ya tarar an yaga shi zai fahimci zafin da makiyayan can suke ji. Maganin da suka yi shi ne shingen waya mai tsawon kusan kilomita 5,600, daga Queensland har gaɓar teku a kudu, wato ya ninka tafiyar Kumasi zuwa Ankara, babban birnin Ghana, fiye da sau 20. An fara kafa sassansa a shekarun 1880 don tare zomaye, daga baya aka haɗa su aka mayar da shi na tare dingo, kuma har yau akwai ma'aikata masu bin sa suna gyara. A ɓangaren tumaki ana harbi, ana ɗana tarko, ana watsa nama mai gubar da ake kira 1080.

Sai dai shingen ya zama kamar gwaji da ba a yi niyya ba, domin ya nuna abin da ke faruwa ga ƙasa idan aka cire mata babban mai farauta. A ɓangaren da aka kawar da dingo, kangaru sun yi yawa har suna cinye ciyawa su bar ƙasa tsirara, kuma bambancin tsirrai tsakanin ɓangarorin biyu yana fitowa a hotunan tauraron ɗan Adam. Masana irin su Mike Letnic sun kuma nuna cewa inda dingo yake, wata dabba mai kama da yanyawa da Turawa suka shigo da ita tana raguwa, ƙananan dabbobin ƙasar na asali da take cinyewa suna samun sarari, ko da yake akwai masu ja da ƙarfin wannan tasiri, musamman game da kyanwoyin da suka koma daji. Wasu masu shanu yanzu sun daina kashe shi, suna cewa ciyawar da yake tsare musu ta hanyar rage kangaru ta fi 'yan maruƙan da yake ɗauka. Wasu masu tumaki kuma sun koma ajiye wani farin kare na Italiya da ake kira Maremma, wanda ake rena shi a cikin garke tun yana ƙarami har ya ɗauki tumakin a matsayin danginsa, ya kwana a cikinsu yana korar dingo. A fili ɗaya ke nan ga dabbobi biyu 'yan asali ɗaya, ɗaya yana ganin tunkiya abinci, ɗaya yana ganinta amana.

An daɗe ana cewa dingo na gaskiya ya kusa ƙarewa saboda barbara da karnukan gida, kuma a dokokin jihohi da yawa an haɗa shi da karnukan da suka gudu daga gida a ƙarƙashin suna ɗaya, abin da ya sauƙaƙa halatta kashe shi. A 2021 Kylie Cairns ta Jami'ar New South Wales da abokan aikinta suka duba sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na dabbobi fiye da 5,000 da aka samu a dajin ƙasar, sai suka tarar 31 ne kacal karnukan gida zalla, sauran kusan duka ko dai dingo ne tsantsa ko jinin dingo ne ya rinjaya a jikinsu. A ƙasar da miliyoyin mutane suke ajiye karnuka, kuma kullum wasu suna ɓacewa, wannan adadi yana nufin karen gida ba ya iya kafa zuriya a daji shi kaɗai. Bai iya farautar da za ta riƙe shi ba, yana haihuwa ba a kan lokaci ba, kuma babu uban da zai kawo wa mai jego abinci.

Wannan shi ya sa ba na yarda idan na ji ana cewa karnukan da ke yawo a zangonmu sun zama na daji, babu ruwan kowa da su. Mafi yawan karnukan duniya haka suke zaune, ba a ɗaure ba, a gefen gari, suna cin abin da mutane suka zubar, kuma idan aka bincika da kyau yawancinsu akwai gidan da suke komawa, akwai wanda suke amsa kiransa. A cikinmu akwai masu ƙyamar kare saboda tsarki, akwai masu ajiye shi don gadi kamar yadda shari'a ta yi rangwame, amma duka ɓangarorin biyu a layi ɗaya muke da shi, kuma yaranmu ne yake cizo idan ya kamu da hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 ya garzaya asibiti, domin idan alamun ciwon suka bayyana kusan babu mai tashi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, ana kuma maimaitawa kowace shekara, cutar takan yanke, kuma wannan mai yiwuwa ne a Kumasi saboda karenmu yana yarda wani ya riƙe shi, ko da ɗan yaron gidan da yake ba shi ƙanzo ne, har likitan dabbobi ya soka masa allura.

Ostireliya ba ta da wannan ciwo a cikin karnukanta, amma hankalin hukumominta ba a kwance yake ba, domin cutar tana matsowa ta tsibiran Indonesiya, ta shiga Bali a 2008, kuma ƙananan jiragen ruwa suna zirga-zirga tsakanin tsibiran da gaɓar arewacin ƙasar, wasu da karnuka a ciki. Idan kare guda mai ɗauke da ita ya sauka a wannan gaɓa ya ciji dingo, cutar za ta shiga cikin dabbobin da ke warwatse a daji mai faɗin gaske, waɗanda ba su da gidan da za a je a same su, ba su kuma da wanda zai kira su su zo.